Maigida mai sankarar furostat: kada a bar shi kwance

A gidajenmu na Pelebina da Jugu har zangon Paraku, da an ce sankarar furostat ta yi nisa a jikin maigida, sai a shimfiɗa masa tabarma a ce, "Baba, ka huta." Tausayi ne, amma yana cutarwa. Allurar da ake yi masa duk wata ko duk wata 3, ko tiyatar cire 'ya'yan maraina, aikinsu rage sinadarin mazakuta da ciwon ke ci da shi. Idan ya ragu, tsoka takan zube, ƙashi ya yi rauni, kasala ta sauka, kwanciya kuwa ƙara su take yi. Motsa jiki ba ya warkar da sankara, yana dai riƙe masa ƙarfin kai kansa bayi da masallaci.

1. A fara da likita. Wannan ciwo yakan bi ƙashin baya, ƙugu, haƙarƙari da cinya. Ranar da kuka kai shi asibitin koyarwa na Paraku ko na Ordre de Malte a Jugu, ɗansa ya tambaya ƙarara: "Likita, wane ƙashi ne ya taɓu?" Amsar ita ce za ta nuna inda za a kiyaye. In akwai mai gashin ƙashi a asibitin, ya gwada muku motsin a gaban idonku.

2. Tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a kwana 5. Wanda ya daɗe kwance ya fara da minti 5 ko 10, ana ƙarawa sannu a hankali. Zuwa masallaci da dawowa ma lissafi ne. Ma'aunin shi ne ya iya hira yana tafe. In magana ta gagara, ya tsaya. Da bazara a fita bayan asuba ko da la'asar sakaliya, jika na biye da gorar ruwa.

3. Tsoka, sau 2 a mako. Ya zauna a kujera mai ƙwari ya miƙe, sau 8 zuwa 10. Ya dafa bango ya tura. Ya ɗaga gorar ruwa mai lita 1 a kowane hannu. Gaɓar da likita ya ce ƙashinta ya taɓu, a tsallake ta.

4. A raba shi da tulin doya, buhun kashu da jarka mai lita 25. Nan ne rigimar take, domin manomin yankinmu na Donga ba ya yarda a ce masa ya ajiye fartanya. Kada a ce masa ya gaza. A roƙe shi ya je gona ya nuna wa yara aiki, tafiyar ma riba ce. Hawa zem, wato babur ɗin haya, a hanya mai ramuka yana jijjiga ƙashin baya, a rage shi. In ruku'u da sujada na tayar da zafi, ya yi salla a zaune, shari'a ta yarje.

5. A kiyaye faɗuwa: sanda, takalmi mai kama ƙafa, da fitila kusa da shimfiɗa, tunda fitsari na yawan tayar da shi da dare. Mai robar fitsari ya ɗaure jakar a ƙafa, ƙasa da mafitsara, ya yi tafiyarsa.

6. Wake, ƙwai, kifi, awara da wagashi suna gina tsokar da ake motsawa.

7. Sabon ciwon baya mai tsanani, ƙafafu su mutu ko su yi nauyi, fitsari ya tsaya, ko bayan gida ya kuɓuce masa: ana iya samun ciwon ya danne lakar baya. A daina motsin nan take, a kwantar da shi a mota, a nufi asibiti a ranar. Ba wurin mai ɗori ba, ba kuma a kan babur ba. Jinkirin kwana 1 ko 2 na iya jawo shanyewar ƙafafu da ba ta warkewa. Daga Jugu zuwa Paraku ya haura kilomita 130, don haka ku ajiye lambar direba da kuɗin mota tun yanzu.