Darasi: Kafin a Sake Zuba Gas a Esin Tsohuwar Motar Ikilisiya

Yawancin motocin da ikilisiyoyinmu ke kai marasa lafiya asibiti da su tsofaffi ne. A zafin Maris da Afrilu, mace mai naƙuda ko yaro mai zazzaɓi kan sha wuya ƙwarai in esi ya mutu. Direba ya ce gas ya ƙare, ma'aji ya fitar da kuɗin baiko, bayan wata guda sanyin ya sake ɓacewa.

Ku sani, gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar fetur. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, in ya ragu to yoyo yake yi. Ku duba mahaɗar bututun: inda danshin mai ya kama ƙura, nan ne. Sau da yawa 'yar roba ce ta bushe. A canza ta tukuna, bakanike ya zuƙe iska da danshi da injinsa, sannan a zuba gas.

Motocin da aka ƙera kafin wajen 1994 da R-12 suka zo, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa. Waɗanda suka biyo bayansu da R-134a suka zo. Kada a gauraya su, domin man kowanne daban ne, kwamfuresa zai lalace, shi ne kuwa mai tsadar. Gas ɗin girki kam kada ku yarda, komai arharsa, wuta yake kamawa.

Direba da kansa ya riƙa wanke ƙurar hunturu daga kondensa da ke gaban lagireto, ya duba bel, ya kunna esin minti 10 kowane mako ko da sanyi ake, don kada robobin su bushe.