Ruwa a ƙirji

Huhu yana cikin wata jaka mai ruɓi biyu. Tsakaninsu akwai ɗan ruwa kaɗan, don huhu ya motsa ba gogayya. Tarin huka ko ciwon zuciya kan sa ruwan nan ya yi yawa, ya matse huhu. Sai numfashi ya yi wuya.

Ƙahon wanzami ba ya kai ga wannan ruwa. Sai asibiti.

Can, mai jinya ba ya barin marar lafiya ya kwanta rigingine. Zaunar da shi yake, ya tokare masa baya da matashi. Yana ƙidaya numfashinsa. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 cikin minti guda.

Ranar zuƙe ruwan, marar lafiya yakan zauna, ya ɗora hannuwa bisa tebur. Lokotoro ya soka allura tsakanin haƙarƙarinsa, ta baya. Mai jinya yana gabansa, yana kwantar masa da hankali, don kada ya motsa. Ba a ɗibar fiye da lita ɗaya da rabi a karo guda.

In an sa masa tiyo, kwalbar da ruwan ke zuba ciki ƙasa take zama. Wani ɗan'uwa kan ɗaga ta bisa gado, wai zai yi shara. To, ruwan sai ya koma ƙirji.

Tambaya: Don mi ba a ɗora kwalbar bisa gado?