Yadda Ake Karanta Zanen Ƙaruwa Mai Ninkawa

Ƙidayar 1963 ta nuna mutanen Nijeriya sun haura miliyan 55, ta 2006 kuwa ta nuna miliyan 140. Jama'a ninkawa take yi, shi ya sa ya kamata kowane Hakimi da malaminsa su san zanen wannan ƙaruwa.

Malami zai ja layi a kwance na shekaru, da layi a tsaye na yawan mutane. Misali, ƙauye mai mutum 1,000 yana ƙaruwa da kashi 3½ cikin ɗari kowace shekara. A raba 70 da wannan kashi, a sami 20, wato kimanin shekarun da zai ɗauka ya ninka. Bayan shekara 20 mutum 2,000 ne, bayan 40 mutum 4,000, bayan 60 mutum 8,000. In an haɗa ɗigogin, layin zai fara a kwance, sa'an nan ya lanƙwasa ya nufi sama.

Abubuwa huɗu ke sāke wannan layi.

1. In an ƙara adadin da ba ya motsi, kamar ɗaliban makarantar kwana 300, layin duka zai ɗaga da 300, lanƙwasarsa tana nan.

2. In ƙauyen ya fara da 2,000, layin nan ne dai aka matsar hagu da shekara 20.

3. In kashin ya sauka zuwa 2, ninkin sai shekara 35. Ƙauye mai 2,000 da ke tafiya haka zai kai 8,000 cikin shekara 70, alhali ƙauyen farko ya zarce 11,000.

4. In an juya layin, shi ne zanen raguwa. Gona ba ta haihuwa. Inda kowane mutum ke da eka 4, bayan shekara 20 eka 2 ce, bayan 40 eka 1. Layin yana kusantar ƙasa, amma ba ya taɓa ta.

Saboda haka, kafin Hakimi ya nemi rijiya ko makaranta ko asibiti, ya duba saurin ƙaruwar kowane ƙauye tare da yawansa na yau. Ƙaramin ƙauye mai saurin ƙaruwa shi zai riga babba neman ruwa da gona, kuma nan ne rigimar iyaka za ta fara tashi.