Madubin Hangen Nesa a Hannun Maharbi: Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ake Aiki da Shi

1.0 Gabatarwa

Farauta tana ɗaya daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in gargajiya na Hausawa da maƙwabtansu. Duk ɗalibin da ya yi darasin al'ada ya san kayan aikinta: kwari da baka, gora, adda, tarko, burtu, da kuma bindigar toka wadda ta zo daga baya. A yau an sami baƙo a cikin waɗannan kaya, wato madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda wasu ke kira tabarau mai hangen nesa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake zaɓen wannan madubi da yadda ake aiki da shi, tare da ɗaukar dajin Sunkani, hedikwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola ta jihar Taraba, a matsayin misali.

Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, dajinsa ba na maharbi kaɗai ba ne. Da rani, lokacin da ciyawa ta bushe aka fara fita dawa, a daidai lokacin ne makiyaya ke gangarawa da shanunsu fadamun kogin Binuwai, mata na shiga yin itace, yara na bin awaki. Saboda haka motsin da maharbi ya hanga a bayan kurmi yana iya zama gada, yana iya zama maraƙi, yana kuma iya zama mutum. Babban aikin madubi shi ne ya raba masa wannan gardama tun kafin ya ɗaga bindiga.

2.0 Wace Dabba Ake Nufi?

A littattafan makaranta akan fassara sunan wata dabbar dazuzzukan Turai da Amurka da kalmar barewa. Amma dabbobin biyu ba ɗaya ba ne. Ta Turai ƙahonta yana da rassa kamar itace, kuma yana faɗuwa duk shekara wani ya tsiro. A nahiyar Afirka ba a samun irinta sai a duwatsun Atlas na ƙasashen Aljeriya da Tunisiya da Maroko. Namu na gida, irin su barewa, gada, mazo, mariya, batsiya, kwanta-rafi, gwambaza, kanki da gwanki, ƙahonsu ba ya da rassa, kuma ba ya faɗuwa har su mutu.

Sanin wannan yana da amfani ga mai riƙe da madubi. A jinsin mazo, mariya, batsiya, kwanta-rafi da gwambaza, namiji ne kaɗai ke da ƙaho. A jinsin gwanki da kanki da barewa kuwa, mace da namiji duk suna da shi, sai dai na macen ya fi siranta. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai iya bambanta mace da namiji tun daga nesa, ya ƙyale mai ciki da mai shayarwa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Madubin

Tun wajejen shekarar 1021 malamin nan Ibn al-Haisam ya kammala littafinsa Kitabul Manazir a ƙasar Masar, inda ya yi bayanin cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. A shekarar 1608 wani maƙerin tabarau a ƙasar Holan mai suna Hans Lipperhey ya gabatar da madubin hangen nesa mai ido ɗaya. A 1854 wani ɗan Italiya, Ignazio Porro, ya yi rajistar dabarar sanya wasu dunƙulallun gilasai masu kusurwa a cikin madubi, waɗanda ke miƙar da hoton da ya juye, su kuma rage tsawon na'urar. Kamfanin Zeiss na ƙasar Jamus ne ya fara sayar da ingantaccen madubi mai ido biyu bisa wannan dabara a 1894. Har yau ƙira biyu ce a kasuwa: mai faɗin kafaɗa, wadda ake kira da sunan Porro, da kuma miƙaƙƙiya mai kama da bututu biyu a haɗe.

4.0 Ma'anar Lambobin da Ke Jikin Madubi

Kowane madubi yana ɗauke da lamba biyu, kamar 8x42 ko 10x50. Wanda ya fahimce su, da wuya ɗan kasuwa ya ruɗe shi.

Lamba ta farko tana nuna yawan kusantarwa. Idan 8 ce, mazon da ke nisan mita 400 zai bayyana kamar yana nisan mita 50. Lamba ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ce da ma'aunin milimita. Gwargwadon faɗinsa, gwargwadon hasken da yake tarawa, kuma gwargwadon nauyin madubin.

Idan aka raba lamba ta biyu da ta farko, sai a sami faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga ido. Misali:

(a) 8x42 yana ba da milimita 5.25
(b) 10x50 yana ba da milimita 5
(c) 10x25 yana ba da milimita 2.5
(d) 7x50 yana ba da kimanin milimita 7

Muhimmancin wannan lissafi shi ne, ƙofar hasken da ke tsakiyar idon mutum takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3 da tsakar rana, ta kuma buɗe har zuwa kimanin milimita 7 cikin duhu idan mutum matashi ne. Ga dattijo kuwa, da ƙyar take wuce milimita 5. To, namun dawa sun fi fitowa kiwo da sanyin safiya da kuma gab da magariba, lokacin da haske ya yi ƙaranci. Ke nan ɗan ƙaramin madubi mai 10x25 zai yi kyau da rana tsaka, amma zai dushe a daidai lokacin da maharbi ya fi buƙatarsa.

Mutane da yawa suna zaton mai babbar lamba shi ne mai kyau. Wannan kuskure ne. Madubi yana kusantar da dabba, amma yana kuma ninka rawar hannu. Da zarar kusantarwa ta wuce 10 ko 12, hoto ba ya tsayawa sai an ɗora madubin a kan wani abu. Haka kuma filin da ake gani yana ƙuntata: mai kusantarwa 8 yakan nuna fili mai faɗin mita 110 zuwa 140 a nisan kilomita ɗaya, wanda ya fi shi kusantarwa kuwa yakan nuna ƙasa da haka. A daji mai itatuwa da doguwar ciyawa irin na Sunkani, faɗin fili ya fi yawan kusantarwa amfani, domin ba dabbar kaɗai ake son gani ba, har da abin da ke gefenta da bayanta. Don haka 8x42 ya fi dacewa da irin wannan wuri. Mai hange daga kan dutse ko a sararin fadama yana iya ɗaukar 10x42 ko 10x50.

5.0 Abubuwan Lura Kafin Saye

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Ga gwaje-gwaje guda shida da mai saye zai iya yi a tsaye a gaban shago:

Na ɗaya, ya miƙa hannu da madubin ya fuskanci haske, ya dubi ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido. Idan zagayayye ne tas, gilashin ciki mai kyau ne. Idan gefensa ya yi inuwa kamar mai kusurwa huɗu, mai rahusa ne.

Na biyu, ya kalli wayar lantarki ko bakin rufin kwano daga nesa. Idan ya ga abu ɗaya ya zama biyu, ko ya ji idonsa na ja, to bututun biyu sun goce wa juna. Irin wannan madubi ciwon kai yake haddasawa, kuma gyaransa sai gwani.

Na uku, ya dubi shafen da ke kan gilashin gaba. Gilashin da ba a yi wa shafe ba yana asarar kimanin kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska, kuma fuskokin da ke cikin madubi ɗaya sun kai goma ko fiye. Shafe mai kyau yakan nuna launin kore-kore ko shunayya mai duhu. Jan shafe mai ƙyalli, wanda ke burge mai kallo, haske yake ragewa.

Na huɗu, kada ya yarda da rubutu irin su 60x60, ko da'awar cewa madubin yana gani cikin dare. Madubi na yau da kullum ba ya ƙirƙirar haske, wanda ke akwai kawai yake tarawa.

Na biyar, ya tambayi ko ruwa da ƙura suna shiga. Wannan ya zama dole a Taraba, inda laimar damina ke sa hunhuna a cikin gilashi, ƙurar hunturu kuma ta kutsa ko'ina.

Na shida, ya gwada nauyi. Mai 8x42 yakan kai giram 600 zuwa 800. Abin da bai yi nauyi a shago ba, yakan yi bayan an wuni ana yawo da shi a wuya. Mai sanya tabarau kuma ya gwada da tabaransa a ido, ya tabbata yana ganin dukkan filin.

6.0 Yadda Ake Aiki da Shi a Daji

Da farko a daidaita shi da ido. A buɗe ko a matse bututun biyu har da'ira biyu su zama ɗaya. Sannan a rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, a murza maɗaidaicin tsakiya har idon hagu ya gani sosai. Daga nan a rufe na hagu, a murza ɗan zoben da ke kan idon dama har shi ma ya gani. Daga wannan lokaci, maɗaidaicin tsakiya kawai za a riƙa taɓawa.

Wajen hange, maharbi ya nemi tudu ko suri ya zauna, ya kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa. Rana ta kasance a bayansa, don kada gilashi ya yi walƙiya ya tona masa asiri. Iska kuma ta riƙa bugun fuskarsa, domin madubi ba ya hana gada jin warin mutum. Ya fara duba wurin da ido zalla, sannan ya bi shi da madubi sannu a hankali, yanki-yanki, yana tsayawa a gindin kowane kurmi. Ba cikakkiyar dabba zai nema ba, a'a, kaɗawar kunne, ko tsinin ƙaho, ko layin gadon baya.

Idan ya hango wani abu, akwai tambayoyi huɗu da ya wajaba ya amsa. Dabba ce ko mutum? Ta dawa ce ko ta gida? Mace ce ko namiji, kuma tana tare da ɗa? Me ke bayanta idan harsashi ya wuce? Muddin ɗaya daga cikinsu ba ta sami amsa ba, to babu harbi. Haka kuma ba a leƙen abin da ba a tantance ba ta madubin da ke ɗaure a kan bindiga, domin yin haka auna mutum ne da makami.

Ya kuma tuna cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Madubi ya kawo dabba kusa da ido, amma bai ƙara wa bindigar toka ko kibiya zango ba. Harbi daga nesa rauni kawai yake jawowa, dabba ta gudu ta mutu a banza. Sanɗa da haƙurin da aka gada daga iyaye suna nan a matsayinsu.

Game da kulawa, kada a taɓa kallon rana da madubi, domin yana iya makantar da mutum nan take. Kada a goge gilashi da bakin riga, saboda ƙurar hunturu tana kankare shi. A fara hure ƙurar, sannan a shafa da tsumma mai laushi. Da damina a ajiye shi a busasshen wuri mai shan iska.

7.0 Madubi da Doka

Daga Sunkani, hanyar da ta bi ta Garba Chede da Bali tana kai matafiyi Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. An mai da shi gandun daji na ƙasa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000. Farauta a cikinsa laifi ne. Haka nan tun 1985 gwamnatin tarayya ta kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma riƙe bindiga, ko da ta toka ce, yana buƙatar lasisi. Barewa kanta tana cikin jerin dabbobin da masana suka tabbatar yawansu na raguwa. Ma'aikatan gandun daji da masu bincike da irin wannan madubi suke ƙidayar namun dawa, kuma maharbin da ya iya aiki da shi yana iya zama ja-gora gare su.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga bambancin barewar littafi da ta dajinmu, da tarihin madubin hangen nesa, da ma'anar lambobinsa, da hanyoyin gwada shi da sarrafa shi. An kuma nuna cewa matsakaicin madubi mai 8x42 ya fi mai manyan lambobin bogi amfani. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A dajin da maharbi da makiyayi da mai itace suke tarayya, harbi ɗaya na kuskure yana iya jawo diyya, ko gidan yari, ko rikicin da zai ci ƙauyuka. Wanda ya saya wa mahaifinsa ko yayansa maharbi wannan madubi, ya haɗa masa da tambayoyin nan huɗu.