Ku tambayi yadda lambobi suka kwanta kafin ku juya su

Ƴaƴana na Damana da Filinge da sauran ƙasar Kurfai da ke karatu a Yamai, na ji wasunku sun fara aiki da bayanan ruwan sama, irin waɗanda cibiyar AGRHYMET ke bibiya tun kafuwarta a 1974, da bayanan CHIRPS na tauraron ɗan adam da ke farawa daga 1981. Abin ya faranta mini rai, don gero a Dallol Bosso da ruwan sama yake rayuwa. Sai dai akwai wani ƙaramin wuri da matasa ke yin tuntuɓe, shi nake so mu zauna a kai.

Fayil ɗin ruwan sama da kuke buɗewa jadawali ne mai fuskoki uku: kwanaki, da kudu zuwa arewa, da yamma zuwa gabas. A idonku kamar akwati yake. A ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa babu akwati, layi ɗaya ne miƙaƙƙe, lamba bayan lamba. Kun san yadda iyayenku mata ke saƙa kabar goriba: doguwar saƙa ɗaya ce siririya, ɗinki ne ke mai da ita tabarma mai faɗi. Haka jadawalin yake, faɗinsa da tsawonsa sun fito ne daga inda aka yarda a naɗe layin.

Wajen naɗin aka rabu gida biyu. Harshen Fortran, wanda John Backus da abokan aikinsa na IBM suka fitar a 1957, fuskar farko yake sa ta fi saurin canjawa. Harshen C na Dennis Ritchie, daga farkon shekarun 1970, fuskar ƙarshe yake sawa. MATLAB da R da Julia sun bi Fortran, NumPy na Python ya bi C sai in an umarce shi da wani abu. Shi ya sa fayil ɗin ruwan sama na NetCDF guda ke fito wa mai Python da kwanaki a farko, ya fito wa mai Fortran da kwanaki a ƙarshe. Kada ku yi gardama da abokinku a kan wannan, ko ɗayanku bai ɓata fayil ɗin ba.

Ga lissafi ku riƙe. A ce kwana 365 ne, layin kudu zuwa arewa 100, na yamma zuwa gabas 200, kowace lamba ta ci bayit 8. A tsarin C, daga wuri zuwa maƙwabcinsa na gabas taku bayit 8 ne. Zuwa layi na gaba bayit 1,600. Zuwa gobe a wuri guda kuwa bayit 160,000. Waɗannan lambobi uku, tsawon taku, su ne duk sirrin. In kun ba NumPy umarnin transpose, ko lamba ɗaya ba ya ɗagawa daga mazauninta, tsawon takun kawai yake sake jerawa, shi ya sa yake gamawa kafin ku ƙifta ido. Amma permutedims na Julia sabon kwafi yake yi, ya ci ƙwaƙwalwa daidai da na farko.

To, wannan sauƙin bashi ne, ana biyansa daga baya. Yawancin kwamfutocin yau suna ɗebo bayit 64 a tafiya ɗaya, wato lambobi takwas da ke jere. In kuna bin layi yadda ya kwanta, duka takwas ɗin za su yi amfani. In kuwa kuna neman ruwan Damana kaɗai kwana bayan kwana, kowace tafiya lamba ɗaya za ku ɗauka ku bar bakwai. Wanda zai yi irin wannan aiki sau da yawa, ya juya fuskokin, ya yi kwafi sau ɗaya da kwanaki a ƙarshe, ya huta. Ga mai tsohuwar kwamfuta da wutar da ba ta zama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jinkiri dai da sauƙi, tunda ana ganinsa. Abin da ya fi damuna kuskuren da ba ya kuka. Ku ɗauki garuruwa biyu da watanni uku, da lambobin misali: Damana 1, 2, 3, Filinge 4, 5, 6. In kun juya da transpose, layi na farko zai zama 1 da 4, ruwan wata guda a garuruwan biyu, daidai ke nan. In kun yi amfani da reshape na NumPy don ku sami layi uku, zai ba ku 1 da 2, sannan 3 da 4, sannan 5 da 6. Siffa ta yi daidai, ruwan Damana kuwa ya shiga gidan Filinge, kwamfuta ba za ta ce muku uffan ba. Haka ma in yawan layin arewa ya zo ɗaya da na gabas, kuka musanya su: taswira za ta fito tsaf da kyanta, tana ƙarya.

Don haka ku rubuta sunan kowace fuska a gefen lissafinku, ko ku yi aiki da xarray, wanda ke kiran fuskoki da sunansu maimakon 0 da 1 da 2. Ku duba ko layin farko kudu ne ko arewa, don fayiloli sun bambanta a nan ma.

Kuna kuma da ma'aunin da ɗalibin Faransa ba shi da shi, kun san ƙasar. Bayan kowace juyawa, ku ciro wurin da Damana take ku kalli shekara guda. Janairu ya zama busasshe, ruwa ya taru tsakanin Yuli da Satumba, Gaya ta fi Filinge ruwa, Filinge ta fi Agadas. In kun ga ruwan sama a tsakiyar hunturu, ku dakata ku koma kan fuskokinku kafin ku kai wa malami, balle wani ya ɗora shawarar lokacin shuka a kai.