Cacar waya: yadda garaje ke rikiɗewa ya zama tilas

Iyaye kan tambaye ni: yaron nan ya rantse ya bar caca a waya, har da kuka, kwana biyu ya koma, taurin kai ne? Sau da yawa ba shi ba ne. Abubuwa biyu ne suka haɗu a kansa, kuma kowanne da hanyar da ake bi masa.

Na farko garaje ne, wato zuciya ta tunzura mutum ya aikata kafin tunani ya iso. Haka caca ke somawa. Saurayi ya ga abokinsa ya ci kuɗi a wasan Firimiya, shi ma ya danna. Masu larurar rashin natsuwa ta ADHD sun fi saurin faɗawa nan.

Na biyu tilas ne, kuma shi ya fi damuna. Daɗin ya tafi, amma hannu ya ƙi tsayawa. Yanzu yana yi ne don ya kashe ƙuncin da ke taso masa in bai yi ba, ko don ya maido abin da aka cinye masa. Ƙarfe biyun dare, ido ya yi ja, yana bibiyar wasan ƙungiyoyin da ko sunansu bai iya faɗa ba. Halinsa ya yi kama da na mai waswasi da ke ta sake alwala don zuciyarsa ta kwanta. Bincike ya nuna yawan maimaitawa na ɗauke linzamin aikin daga sashen ƙwaƙwalwa mai neman lada zuwa sashen sabo. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince jarabar wasannin bidiyo cuta ce.

Garaje shinge yake so: a goge manhajar cacar, a damƙa katin banki ga amintacce, kada kuɗi su kwana a asusunsa. Tilas kuwa gori da duka ƙara masa wuta suke yi, domin ƙunci ne ke mayar da yaron. Sai masanin halayya ya koya masa jure ƙuncin har ya sauka da kansa, wani lokaci a haɗa da magani. Kada a riƙa biya masa bashi a ɓoye.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano suna duba irin wannan. In yaron ya fara cewa gara ya mutu ya huta da bashi, a kai shi a ranar.