Darasi: Yadda masu wasan sulu a teku ke zaɓar allo, da yadda ake karanta iska da igiyar ruwa a waya

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon mutum tsaye a kan wani allo, igiyar teku ta ɗauko shi a guje. Wani kuma allonsa na da ƙyalle kamar tamfol a tsaye, iska na tura shi a kan ruwa da gudu irin na babur. Matasa a shagunan waya da na caji na Titin Ibrahim Taiwo da Titin Beirut kan kalli irin wannan bidiyo su ce ai wasan Turawa ne, su wuce. Gaskiya ne Kano ba ta da teku, daga nan zuwa Legas ma tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Sai dai akwai abin da bidiyon ba ya nunawa. Kafin ɗan wasan ya taɓa ruwa sai da ya buɗe wayarsa, ya karanta wasu lambobi, sannan ya zaɓi allon da zai ɗauka cikin allunansa. Waɗannan lambobi ne darasin yau, domin su ne dai ya kamata mai shirin hawa kwalekwale a Tiga ko Bagwai ya duba kafin ya bar gida.

Wasanni biyu, ƙarfi biyu

Na farko shi ne sulu a kan igiyar teku. Mutum zai kwanta a kan allo, ya tuƙa da hannuwansa, idan igiya ta ɗauke shi sai ya miƙe tsaye. Tsohon wasa ne a tsibiran Hawai, kuma ya shiga gasar Olamfik a karon farko a wasannin Tokyo 2020, waɗanda aka yi a 2021.

Na biyu shi ne sulu da iska. A nan an kafa sanda a tsakiyar allo, an ɗaura mata ƙyalle mai ƙwari, wato labulen iska. Wasu Amurkawa biyu, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, ne suka samu takardar mallakar wannan ƙirƙira a 1970, wasan kuma ya shiga Olamfik a 1984. Shi ba ya buƙatar teku. Ɗaya daga cikin fitattun wuraren da ake yin sa a duniya tafki ne, Tafkin Garda da ke arewacin Italiya.

Saboda haka ɗan wasa na farko igiya yake nema, na biyu kuma iska. Da yawa suna yin duka biyun: ranar da teku ta kawo igiya su ɗauki wannan allo, ranar da iska ta tashi su ɗauki wancan.

Lokacin zafinsu, daminarmu

A Turai da Amurka watannin Yuni zuwa Agusta ne lokacin zafi da hutu, lokacin da ake cika bakin teku. A nan kuwa tsakiyar damina ce. A daidai waɗannan watanni ake sanyi a kudancin duniya, manyan guguwa na tashi a kudancin Tekun Atilantika, igiyoyin da suka tayar kuma suna tahowa arewa har su iso gaɓar Afirka ta Yamma. Shi ya sa masu wannan wasa a Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas da sai da jirgin ruwa ake isa gare shi, suka fi samun manyan igiyoyi a damina. Haka abin yake a Busua ta ƙasar Gana. Wani fim na Amurka da ya fito a 1966, The Endless Summer, ya bi wasu matasa biyu da ke zagaya duniya da allunansu, kuma Senegal da Gana da Najeriya na cikin wuraren da suka yada zango.

Me ya sa allo ɗaya ba ya isa?

Amsar tana cikin lamba ɗaya da ake rubutawa a jikin allo: girman cikinsa da lita. Ƙa'idar kimiyya ce mai sauƙi. Duk lita ɗaya da ta nutse a ruwa tana ɗaukar nauyin kimanin kilo ɗaya. Allo mai lita 70 zai iya riƙe kusan kilo 70, har da nauyin kansa, kafin ya nutse gaba ɗaya.

A ɗauki matashi mai nauyin kilo 65. Idan ɗan koyo ne, ana ba shi allon soso mai laushi, mai tsawon kusan mita 2.4, wanda litarsa ta kai nauyinsa ko ta ɗara. Allon zai riƙe shi ko yana zaune cak, idan kuma ya buge shi ba zai ji ciwo sosai ba. Ranar da igiya ƙanana ce, ko gwani kan ɗauki dogon allo mai mita 2.7 ko fiye, saboda tsawonsa na sa ya kama igiyar da ba ta da ƙarfi. Ranar da igiya ta yi tsayi da tsini sai a koma gajeren allo, mai tsawon ƙasa da mita 2 da lita 25 zuwa 35. Wannan allo ba ya iya riƙe mai kilo 65 idan ya tsaya, gudun igiya ne kawai ke ɗaga shi. Amfaninsa shi ne yana juyawa nan take. Ɗan koyon da ya saye shi don ya ga gwanaye na hawansa zai yini yana shan ruwan gishiri.

A sulu da iska lissafin ya ƙaru, domin allon zai ɗauki mutum da sanda da labule. Ɗan koyo kan fara da faffaɗan allo mai lita 160 zuwa 220 da ƙaramin labule. Gwani kuwa, duk lokacin da iska ta ƙaru sai ya rage girman allo da na labule. Dalili shi ne ƙarfin da iska ke buga abu da shi yana ninkuwa fiye da gudunta. Idan gudun iska ya tashi daga kilomita 20 a awa zuwa 40, bugunta ya ninka sau huɗu. Labulen da ya yi daidai da safe zai iya fizge mutum ya jefar da yamma.

Wannan ƙa'ida ta lita ba ta tsaya ga allon wasa ba. Kwalekwale ma yana da iyakar nauyin da girman cikinsa zai ɗauka. Kowane fasinja da aka ƙara yana saukar da bakinsa kusa da ruwa, har ya kai ƙaramar igiya ma ta isa ta shiga ciki. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma rahotanni sun danganta haɗarin da lodi fiye da ƙima. Allah Ya jiƙansu.

Lambobin da ake karantawa

Tsayin igiya. Ana rubuta shi da mita ko ƙafa. Igiya mai mita 2 ta fi mai mita 1 ƙarfi sau huɗu.

Tazarar igiya. Ita ce yawan daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiya da mai bi mata, kuma ita ce lambar da sababbi suka fi mantawa. Akwai lissafin da kowa zai iya gwadawa a kalkuletar wayarsa: a ninka daƙiƙoƙin da kansu, sannan a ninka da 1.56, za a samu nisan da ke tsakanin igiyoyin da mita a cikin teku mai zurfi. Daƙiƙa 6 na ba da mita 56. Daƙiƙa 14 na ba da kusan mita 306. Igiyar farko iskar kusa ce ta tayar da ita, a hargitse take zuwa. Ta biyu daga guguwa mai nisa ta taho, a jere take zuwa da nauyin ruwa mai yawa, ko da tsayinsu ɗaya a waya. Jerin igiyoyi masu tazarar daƙiƙa 14 na tafiyar kusan kilomita 900 a rana, don haka ana iya hango isowarsu kwanaki kafin su zo.

Gudun iska. Manhajoji da yawa na nuna shi da ma'aunin matuƙa jiragen ruwa, wanda ake rubutawa kt. Kowane kt ɗaya kilomita 1.85 ne a awa. Daga kilomita 20 zuwa 28 a awa farin kumfa kan yawaita a saman ruwa. Daga 39 zuwa sama kuwa ƙaramin kwalekwale ba shi da abin yi a tsakiyar ruwa.

Bugun iska. Ita ce iskar da ke zuwa farat ɗaya ta wuce, kuma kullum ta fi matsakaicin gudu. Idan an ga 18 a layin sama, 40 a layin ƙasa, to lambar ƙasa ce mai kifar da jirgi.

Inda iska ta fito. Ana kiran iska da sunan wajen da ta taso. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Tunda bakin tekun Legas kudu yake kallo, iskar arewa daga tudu take fita zuwa teku. Mai sulu a igiya na son ta, saboda tana gyara fuskar igiya ta yi sumul. Ga ɗan koyon sulu da iska kuwa ita ce mafi haɗari, domin can cikin teku za ta yi ta tura shi.

Yadda ake dubawa a manhajar Windy

Tun 1985 Surfline ta fara ba masu wasan a Kalifoniya rahoton igiya ta wayar tarho, a biya a saurara. Yau ana samun irin wannan bayani kyauta. Manhajar Windy.com, wadda Ivo Lukačovič na ƙasar Cek ya ƙirƙiro a 2014, tana Play Store da App Store, kuma tana buɗewa a burauza.

1. A buɗe manhajar, a rubuta sunan wuri a gurbin bincike. Idan sunan bai fito ba, a ja taswira zuwa wurin a taɓa shi.
2. A shiga saiti a mayar da ma'aunin iska zuwa km/h, wato kilomita a awa.
3. A buɗe jadawalin hasashe da ke ƙasa. A duba layin iska da na bugunta na awannin da za a kasance a ruwa, har da lokacin dawowa.
4. Idan teku ce, a zaɓi taswirar Swell domin ganin tsayi da tazarar igiya.
5. A sauya tsakanin ECMWF da GFS. Na farko hasashen cibiyar Turai ne, na biyu na Amurka. Idan sun yi kusa da juna, hasashen ya fi zama abin dogaro. Idan sun saɓa, a yi aiki da mafi muni.
6. A ɗauki hoton fuskar waya kafin a tashi, domin sabis kan yi rauni a bakin ruwa.

Taswira mai motsi tana cin data fiye da jadawali, don haka mai lallaɓa datarsa ya tsaya a jadawalin.

Inda manhaja ke gazawa

Kwamfutocin hasashe na raba duniya gida-gida ne, su ba kowane gida lamba ɗaya. A ECMWF faɗin gida kusan kilomita 9 ne. Hadarin damina kuwa na iya haɗuwa cikin awa guda, kuma manhaja ba ta iya faɗin takamaiman wurin da zai sauka ko mintin da zai iso. A ƙasar Hausa yawanci daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa wadda kan wuce kilomita 60 a awa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana da faɗin da irin wannan iska za ta tayar da igiya cikin mintuna. Don haka a haɗa Windy da sanarwar hukumar NiMet, sannan a saurari masunta da matuƙan wurin. Idan gabas ta yi baƙi, a fita daga ruwa ko da waya ta nuna rana. Idan an ga walƙiya, a ƙirga daƙiƙoƙi har a ji tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Ƙasa da 30, a nemi mafaka. Rigar ceto kuma a saka ta ko an iya iyo.

Wayar kanta fa?

Alamar IP67 na nufin an gwada wayar a zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ta wuce haka, gwargwadon abin da kamfanin ya bayyana. Amma a ruwa mai daɗi, mara motsi ake gwajin. Ruwan gishiri na cin ƙarafan cikin waya, kuma garantin yawancin kamfanoni bai shafi lalacewar ruwa ba. Wayar da aka taɓa buɗewa aka canja mata gilashi ko batir ta riga ta rasa mannin da ke tare ruwa, sai dai idan mai gyara ya sa sabo. Wannan ya shafi wayoyin hannu da yawa da ake saye a kasuwa.

Mafita mai araha ita ce jakar roba mai hana ruwa, irin wadda ake ratayawa a wuya. Kafin a amince da ita, a saka takardar tishu a ciki, a rufe, a nutsar a bokiti na rabin awa. Idan tishun ya fito a bushe, jakar ta ci jarrabawa. Idan kuma waya ta faɗa ruwa, a kashe ta, kada a sa ta caji, a kai wa mai gyara da wuri. Binne ta a shinkafa ba ya fitar da ruwan da ke ciki, kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu iPhone da kada su yi hakan.

Aikin gwaji

Na tsawon mako guda, kowace safiya a duba hasashen iskar Kano a Windy, a rubuta gudunta da bugunta da inda ta fito. Da yamma a kwatanta da abin da aka gani a unguwa: motsin bishiyoyi, ƙura, da ko an yi ruwa. A kuma buɗe Tarkwa Bay a duba tazarar igiya, a yi lissafin nan na 1.56, sannan a yanke shawarar allon da mai kilo 65 zai ɗauka a ranar. Bayan kwana bakwai mai karatu zai gane ranakun da manhaja ke dacewa da waɗanda take kuskure, kuma wannan sanin ne zai yi masa amfani ranar da abokai suka shirya fita Tiga.